Yadda Ake Kafa Tashar Nazarin Muhalli a Bakin Teku da Yadda Ake Gudanar da Ita

Tsakanin shekarar 1931 da 1933, wani ɗalibi mai suna Willis Hewatt ya kafa ƙusoshin tagulla a jikin duwatsun da ke gaban tashar bincike ta Hopkins, a gaɓar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Ya ja layi daga tudu har zuwa inda ruwa ke tsayawa idan ya janye, sa'an nan ya ƙidaya ƙananan halittun da ke zaune a kan layin, murabba'i bayan murabba'i. A 1993 wasu ɗalibai biyu, Rafe Sagarin da Sarah Gilman, suka lalubo ƙusoshin nan suka maimaita ƙidayar a daidai gurbin da aka yi ta farko. Sakamakon da aka buga a 1995 ya nuna cewa takwas daga cikin jinsi tara na halittun da suka fi son ruwan kudu mai ɗumi sun ƙaru, biyar daga cikin jinsi takwas na arewa sun ragu, kuma zafin ruwan wurin ya hau da kimanin digiri 0.75 a ma'aunin Salshiyos. Babu wata na'ura mai tsada a cikin wannan aiki. Abin da ya ba shi daraja shi ne an koma wuri ɗaya, an auna ta hanya ɗaya, kuma an samu rubutun mutumin farko a ajiye.

Wannan shi ne ainihin aikin tashar nazari a bakin teku, kuma duk jami'a ko kwaleji ko ƙungiyar da ke son kafa irinta ya kamata ta fara da fahimtarsa, domin sau da yawa akan zuba kuɗi a gini da katanga, a bar awon da ya kamata a riƙa yi kullum ba tare da mai yi ba. Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga gaɓar Afirka ta Yamma, inda Nijeriya kaɗai ke da bakin teku mai tsawon kimanin kilomita 853. Lamarin ya shafi mutanen da ke nesa da teku ma. Damshin da ke kawo damina a Kano da Maraɗi daga tekun Gini iska ke ɗauko shi, sa'an nan yashi da laka da kogin Kwara da na Binuwai ke kwashewa daga arewa su ne ke gina yankin Neja Delta. Ɗalibin ilmin ƙasa ko na halittu daga Zariya ko Sakkwato yana da haƙƙin ya ga ƙarshen wannan zagaye da idonsa.

Zaɓen wuri

Kafin a je neman fili, a zauna a rubuta tambaya ɗaya ko biyu da ake son tashar ta amsa cikin shekara 20 masu zuwa. Tambayar za ta iya zama saurin da teku ke cin ƙasa a wani yanki, ko yadda ruwan gishiri ke kutsawa cikin rijiyoyi da gonaki, ko halin da dajin mangurof ke ciki, wato itatuwan nan da ke tsirowa a cikin laka mai gishiri a bakin koguna. Tambayar ita ce za ta nuna wurin. Wanda ke bin zaizayar ƙasa zai so gaɓa irin ta Ayetoro a jihar Ondo, garin da aka kafa a 1947 wanda teku ya riga ya haɗiye masa unguwanni, ko ta Keta a Gana, inda raguwar yashin da kogin Bolta ke kawowa tun bayan gina madatsar Akosombo a 1965 ta ƙara tsananta matsalar. Wanda ke bin mangurof kuwa zai nufi mashigin kogin Kuros a Kalaba ko rafukan jihar Ribas.

Wuri mafi kyau ga koyarwa shi ne wanda ya haɗa muhalli iri uku ko huɗu a tafiyar ƙafa, kamar rairayin bakin teku, da tafki mai gauraye da ruwan gishiri, da laka mai mangurof, da duwatsu idan an samu. A tabbatar akwai hanyar da mota ke bi har da damina, da ruwan sha mai daɗi, da asibitin da za a iya kai mutum cikin awa ɗaya. Ginin kansa a ja shi can baya a kan tudu, a tambayi tsofaffin wurin iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a mafi munin shekara, sa'an nan a ƙara nisa a kan abin da suka faɗa. A kuma mallaki takardar fili ko yarjejeniyar haya mai tsawo, saboda tashar da za a tasa bayan shekara 5 ta yi asarar abin da aka kafa ta dominsa.

Ba lallai ne a fara da gini na kai ba. Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya, wadda aka sani da NIOMR, tana aiki tun 1975 a Legas, kuma tana da tasha a Buguma ta jihar Ribas. Jami'ar Kalaba tana da cibiyar nazarin teku, Jami'ar Kef Kos a Gana ma tana da cibiyar kula da gaɓa. A ganina, sashen jami'ar da ke nesa da teku ya fi dacewa ya ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga cikin irin waɗannan, ya nemi ɗaki ɗaya da wurin ajiyar kaya, ya sa kuɗinsa a kan awo da jigilar ɗalibai.

Da ɗan gari akan ci gari. Tun kafin a buga turke na farko, a kai gaisuwa wurin sarkin garin da shugaban masunta da shugabar mata masu ƙyafe kifi da masu tsintar kawa, a bayyana musu abin da za a yi da harshen da suke ji, kuma a ɗauki mutum ɗaya ko biyu daga cikinsu aiki da albashi. Turken da mutanen gari ba su san dalilinsa ba yakan ƙare a murhu ko a ɗaure masa kwalekwale. Misalin da ya kamata a duba shi ne na ƙauyen Gazi a kudancin gaɓar Kenya, inda doguwar zama tsakanin masu binciken cibiyar kifi da teku ta ƙasar da mutanen ƙauyen ta haifar da shirin Mikoko Pamoja a 2013. A ƙarƙashinsa al'umma ke kare kadada 117 na mangurof, suna sayar da ladan iskar kabon da dajin ke riƙewa, kuɗin kuma yana tafiya ga ruwan sha da littattafan makaranta. Awon itatuwan da aka daɗe ana yi a wurin shi ne hujjar da masu saye suka yarda da ita.

Awon da ba a fashinsa

A zaɓi abubuwa kaɗan da za a iya aunawa kowace rana ko da babu wuta, babu mai a mota, babu malami a kusa. Na farko shi ne zafin ruwa. A ɗebi ruwa da bokiti daga wuri ɗaya tabbatacce, kamar ƙarshen gada ko wani dutse da aka yi wa alama, a lokaci ɗaya kowace safiya, a tsoma ma'aunin zafi a cikin inuwa, a jira minti biyu, a karanta shi yana cikin ruwan. Da irin wannan hanya mai sauƙi ake auna ruwa a gadar cibiyar Scripps ta Kalifoniya tun 1916, kuma yau jerin alƙalumanta na cikin mafiya tsawo a gaɓar tekun Fasifik. Na biyu shi ne gishirin ruwa, wanda ake aunawa da wata 'yar na'ura ta hannu da ake ɗiga wa ruwa a leƙa ta cikinta. Ruwan tsakiyar teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowane kilo, amma a tafkin Legas ko bakin kogi adadin yakan faɗi ƙasa ƙwarai da damina, ya sake hawa da rani. Na uku shi ne ruwan sama, da ma'auninsa a fili nesa da bishiya. Na huɗu shi ne hasken ruwa, wanda ake gwadawa da farin faifai mai faɗin santimita 30 da aka ɗaura wa igiya mai alamomi, a saukar da shi har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. Sunan Angelo Secchi faifan ke ɗauke da shi, wanda ya yi amfani da shi a 1865.

Akwai ƙananan na'urori masu batir da ke rubuta zafin ruwa da kansu kowace awa na tsawon watanni, kuma suna da amfani matuƙa, amma kada a dogara da su kaɗai. Sukan ɓace, sukan lalace, kuma idan aka canja na'ura ba tare da an gwada sabuwa da tsohuwa tare na wasu makonni ba, za a ga bambanci a alƙaluma a ɗauka daga teku yake.

Maganar hawan teku tana buƙatar haƙuri fiye da kowace. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa matsakaicin tsayin teku a duniya ya hau da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma tsakanin 2006 da 2018 yana hawa da kimanin milimita 3.7 a shekara. Wannan ɗan ƙaramin adadi yana ɓoye a cikin cika da janyewar ruwa na kullum, wanda ya kai kimanin mita 1 a Legas, ya kusa mita 3 a mashigin Kalaba. Saboda haka awon shekara biyu ko uku ba ya nuna komai game da sauyin yanayi, sai an tara na shekaru da dama. A kafa sandar awo mai alamomi a jikin gada ko ginshiƙi, a kuma dasa alama ta siminti a kan tudu mai ƙarfi, a riƙa gwada tsayin sandar da wannan alama kowace shekara, domin a wurare irin Neja Delta ƙasar kanta tana lotsawa, kuma dole a iya bambanta hawan ruwa da saukar ƙasa.

Layukan dindindin a kan rairayi da laka

Auna zaizayar gaɓa yana da hanya mai arha da masanin nan K. O. Emery ya bayyana a 1961, kuma ɗalibai uku sun isa yin ta. Ana buƙatar sanduna biyu masu tsayi ɗaya, kowanne mita 1.5, da alamomin santimita a jikinsu, an haɗa su da igiya mai tsawon mita 2. A fara daga turken siminti da aka dasa can bayan rairayi. Mutum na farko ya tsayar da sandarsa a gindin turken, na biyu ya matsa wajen teku har igiya ta miƙe, ya tsayar da tasa a miƙe ƙyam. Idan ƙasa gangara take yi, na farkon zai saukar da idonsa a jikin sandarsa har ya ga kan sandar abokinsa ya yi daidai da layin da sama ta haɗu da teku, sa'an nan ya karanta santimita nawa ya sauko daga kan tasa sandar, wannan shi ne yawan gangarar. Idan ƙasa hawa take yi, sai ya sa ido a kan sandarsa, ya karanta inda layin ya ratsa sandar abokinsa. Na uku ya rubuta. Haka za a yi ta matsawa har bakin ruwa. A yi wannan sau ɗaya a wata, lokacin da ruwa ya fi janyewa, a kan layuka uku zuwa biyar. A dasa turke na biyu mita 50 a bayan na farko, saboda a gaɓar da ke zaizaya wata rana za a wayi gari turken farko ya tafi.

A cikin mangurof, a keɓe filaye masu faɗin mita 10 da tsawon mita 10, a maƙala wa kowace bishiya lamba ta alminiyom, a auna kaurin gangar jikinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Jan mangurof, wanda shi ya fi yawa a Nijeriya, yana tsaye ne a kan saiwoyi masu kama da ƙafafu, don haka shi ana aunawa ne santimita 30 sama da saiwar da ta fi tsayi, kuma a shafa fenti a wurin domin mai zuwa baɗi ya ɗora tef ɗinsa daidai nan. A ƙidaya tsiron da ke tasowa da kututturen da aka sare da ramukan ƙaguwa. A kuma rubuta yawan kwakwar nifa, baƙuwar shukar da aka kawo Kalaba a 1906 wadda ke mamaye duk inda aka sare mangurof. Don sanin ko laka na taruwa da saurin da zai bi hawan teku, a shimfiɗa farar ƙasa a murabba'i mai santimita 50, a yi wa kusurwoyinsa alama, bayan wata shida ko shekara a yanko ɗan yanki da wuƙa a auna kaurin lakar da ta kwanta a kan farin layin. Wannan gwaji yana burge ɗalibai, domin mutum yana riƙe da amsar a tafin hannunsa.

Abin da ba a gani ba ma a rubuta shi. Ranar da aka zagaya ba a ga sawun kififiyar teku ba, a sa sifili, kada a bar gurbin a buɗe, saboda gurbi buɗaɗɗe yana nufin ba a duba ba. Haka nan a riƙa rubuta ranar da ciyawar teku ta sargasum ta taru a gaɓa da yawanta, tunda daga 2011 ta zama baƙuwar da ke cika tarun masunta a Afirka ta Yamma.

Kawo ɗalibai

Teku ne ke tsara jadawalin aiki. A gaɓar nan ruwa yana cika sau biyu, ya janye sau biyu a kusan kowace rana, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 daga yau zuwa gobe. Janyewa mafi nisa, wadda ke buɗe duwatsu da laka ga mai nazari, tana zuwa ne a kwanakin ɓatan wata da tsayuwarsa, da kuma kwanakin da ya cika, wajen 14 zuwa 16 ga wata. Malamin da ke bin lissafin watan Musulunci ya riga ya san makon da zai sa tafiyarsa, sai dai ya tabbatar da awoyin daga jadawalin cika da janyewar ruwa na tashar jiragen ruwa mafi kusa. A shiga fili awa biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa, a bi shi yana sauka, a juyo da zarar ya fara dawowa.

A raba ɗalibai rukuni na mutum huɗu ko biyar, kuma a sa su yi awon tashar na gaskiya, wanda za a shigar cikin kundi da sunayensu, maimakon gwajin wasa da za a zubar. Kafin haka, a sa duk rukunonin su auna fili ɗaya, a kwatanta sakamakonsu a gaban kowa. Bambancin da zai fito shi ne darasi mafi amfani a makon, domin daga nan suke gane dalilin da ya sa ake rubuta hanyar awo dalla-dalla. Da yamma a nuna musu alƙaluman shekarun baya, su zana nasu a kai. Halittar da aka ɗaga a mayar da ita gurbinta, dutsen da aka juya a kife shi yadda aka same shi, kuma kada a tara samfuri sai wanda bincike ya wajabta.

Batun tsaron rai ba shi da sassauci, musamman ga ɗaliban da ba su taɓa ganin teku ba, ko waɗanda suka iya iyo a rafi suka ɗauka duk ruwa ɗaya ne. Gaɓar tekun Gini tana da igiyoyi masu ƙarfi, da wani jan ruwa da ke fisgar mutum daga bakin gaɓa zuwa ciki. Wanda ya faɗa masa kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinsa, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. A hana wanka sai inda ɗan gari ya amince, a sa mutum ɗaya wanda aikinsa kawai kallon teku ne yayin da sauran suka duƙufa, kowa ya sa rigar kariya daga nitsewa a cikin kwalekwale, kuma kada kowa ya shiga laka shi kaɗai ko babu takalmi mai rufi, saboda ɓawon kawa yana yanka ƙafa. A ƙidaya mutane wajen fita da wajen dawowa.

Kaya da kundi

Iskar gishiri tana cin ƙarfe da waya da kwamfuta cikin sauri. A wanke kowane kayan aiki da ruwan daɗi bayan an dawo, a shanya a inuwa, a ajiye na'urori a akwati mai rufi da ƙullin abin tsotse damshi. Wutar sola da batir sun fi janareta dacewa da ƙaramar tasha.

A fili a yi rubutu da fensir, domin tawada tana narkewa idan ta jiƙe. A ranar da aka yi awo a kwafe shi cikin babban kundin tasha, sa'an nan a shigar da shi kwamfuta, a ɗauki hoton shafin, a aika kwafi zuwa jami'a da wani wuri na uku. Kowane layi ya ƙunshi kwanan wata da lokaci da sunan mai awo da lambar na'ura da yanayin sama. A buɗe wani littafi daban da ke bayyana inda kowane turke yake, da alƙaluman GPS, da hoto, da zanen hannu mai nuna nisansa daga abubuwa uku da ba sa motsi, a rubuta shi yadda baƙon da bai san kowa a tashar ba zai iya gano wurin. Hukumar Yanayi ta Duniya tana ɗaukar shekara 30 a matsayin ma'aunin yanayin wuri, wanda ke nufin mafi yawan waɗanda za su ci moriyar kundin ba su shiga jami'a ba tukuna. Bayanan tsayin teku ana iya aika su ga ma'ajiyar PSMSL da ke Libaful a Ingila, wadda ke tattara irinsu tun 1933, na halittun teku kuma ga rumbun OBIS, inda kowa zai iya samunsu a intanet.

Wajen tsara kasafi, a fara ware albashin mai awon kullum da na wanda zai maye gurbinsa ranar rashin lafiya ko salla, da kuɗin ma'aunin zafi na ko-ta-kwana, da man kwalekwale na wata-wata, a sa su cikin kasafin sashe na dindindin, kada a rataya su a kan tallafin bincike mai ƙarewa bayan shekara uku. Kuɗin da makarantu masu ziyara ke biya na kwana da abinci zai iya ɗaukar gyaran gini. Sau ɗaya a shekara a kira taro a garin, a manna zanen gaɓar a bango, a nuna wa masunta da dattawa mita nawa teku ya ci ko ya bari a kan kowane layi, a kuma rubuta abin da suka ce game da kifi da iska a cikin kundin, da kwanan wata.